Rungumar Gazawa Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa: Wa Take Amfana, Wa Take Cutarwa?

Iyalin mutumin da ya farfaɗo daga doguwar suma bayan haɗarin mota ko na babur sukan ji shawara iri biyu masu karo da juna, wani lokaci ma a cikin asibiti guda. Mai yi masa gashi zai ce a daina sa masa maɓallin riga, a bar shi ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa, domin ta haka ne hannun zai dawo. Wani ma'aikacin kuma, wanda ke kula da matsalar mantuwa, zai ce kada a bar shi yana kintace, a faɗa masa amsar da take daidai tun kafin ya yi kuskure. A kan wannan ruɗani kuma sai ga maganganun ƙarfafa gwiwa da suka cika intanet, masu cewa duk wanda ya rungumi gazawa zai fita daga jinya da juriyar da ta fi wadda ya shiga da ita. Shawarwarin nan biyu na asibiti kowace tana da bincike a bayanta, kuma abin da ke raba su shi ne sashen ƙwaƙwalwar da ya illata, da irin aikin da ake son a koya, da matakin da majinyacin ya kai a murmurewa.

Wane irin rauni ake magana a kai?

Likitoci suna auna tsananin raunin kai da wani ma'auni da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a Jami'ar Glasgow a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsin jiki, sai a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 13 zuwa 15 rauninsa mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuma shi ne mummunan rauni. Ana kuma la'akari da tsawon lokacin da mutum ya ɗauka a ruɗe bayan ya buɗe ido, wato lokacin da ba ya iya riƙe abin da ya faru da safe zuwa yamma, domin wannan tsawon yakan nuna yadda murmurewar za ta kasance. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet Neurology ta haɗa ya ƙiyasta a 2017 cewa sama da mutum miliyan 50 ne ke samun raunin ƙwaƙwalwa a duniya kowace shekara, ko da yake mafi yawansu masu sauƙi ne.

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da kwalta, ƙashin yana tsayawa nan take amma ita tana ci gaba da tafiya, sai ta gwaru da bangon ciki, kuma siraran jijiyoyin da ke haɗa sassanta su miƙe ko su tsinke. Shi ya sa ake samun mutum babu ko ƙwarzane a fuska amma ya zama wani daban. Sassan da suka fi shan wannan bugu su ne na goshi da na gefen kunnuwa, kuma a nan ne ake tsara aiki, a danne fushi, a adana sabon abu, a kuma lura cewa an yi kuskure. Wanda ya karye a ƙafa yana da lafiyayyar ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki darasi daga kowace faɗuwa. Mai raunin kai kuwa, abin da zai ɗauki darasin da shi ne ya samu matsala, kuma daga nan ne duk muhawarar ta samo asali.

Juriya, a wajen masana halayyar ɗan Adam, ita ce mutum ya iya ci gaba da tafiyar da rayuwarsa, ko ya dawo kanta, bayan babbar musiba. Kuka da baƙin ciki ba sa kore ta. Binciken Emmy Werner a tsibirin Kauai na Hawaii, wanda ya bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka girma, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin mawuyacin hali sun zama manya masu natsuwa, kuma wani abu da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babban mutum guda da ya tsaya musu. Tun daga lokacin ake kallon juriya a matsayin abin da ake ginawa tsakanin mutum da waɗanda ke kewaye da shi, fiye da wata baiwa da aka haife shi da ita.

Ita kuma gazawar da ake cewa a runguma, abubuwa uku ne aka cusa a buhu ɗaya. Akwai kuskuren da ake yi yayin atisaye, kamar cokali ya faɗi ko kalma ta ƙi fita. Akwai koma-baya, kamar farfaɗiya ta taso ko a sake komawa ɗakin tiyata. Sannan akwai asarar da ba za ta dawo ba, kamar sana'ar da mutum ba zai ƙara iya yi ba. Ruɗani yakan shigo ne idan aka ɗauki shawarar da ta dace da ɗaya aka ɗora wa sauran.

Abin da jinyar Gabrielle Giffords ta nuna

Ranar 8 ga Janairun 2011, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a wajen taron da 'yar majalisar wakilan Amurka Gabrielle Giffords take yi da mutanen mazaɓarta a bakin wani babban kanti kusa da birnin Tucson na jihar Arizona. Mutum shida suka mutu, ciki har da alƙalin kotun tarayya da wata yarinya 'yar shekara tara. Harsashi ya ratsa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar Giffords, inda cibiyoyin magana suke a wajen mafi yawan mutane. Likitoci sun cire wani sashe na ƙoƙon kanta domin kumburi ya samu wurin faɗaɗa, kuma bayan kimanin mako biyu aka mayar da ita cibiyar gyaran jiki ta TIRR Memorial Hermann da ke Houston.

Ta farka da shanyewar hannun dama, da rauni a ƙafar dama, da raguwar gani, da kuma larurar da ke raba mutum da kalmominsa alhali hankalinsa yana nan. Mai irin wannan larura ya san abin da yake son faɗa, yana kuma fahimtar yawancin abin da ake gaya masa, amma kalmar ta ƙi zuwa ko wata dabam ta fito a madadinta. Likitan Faransa Paul Broca ya bayyana irin wannan tun 1861 a kan wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. A makonnin farko Giffords ma kalmomi kaɗan take ta maimaitawa, ɗaya daga ciki sunan kaza, ko mene ne aka tambaye ta. Iyalinta sun ɗauki bidiyon zaman atisayen, kuma tashar ABC ta nuna wani ɓangare a Nuwamban 2011. A ciki an ga mai koya mata magana tana neman ta faɗi kalmar da ke nufin haske, ta yi ta ƙoƙari ta kasa, har ta fashe da kuka. Malamar ba ta ce mata a bar shi haka ba, ba ta kuma ci gaba da matsa mata ta hanyar da ta toshe ba. Ta lallashe ta, sannan suka rera wata waƙa da Giffords ta sani mai ɗauke da wannan kalma, sai ga kalmar ta fito cikin waƙar.

Wannan dabara tana da tushe. Tun 1973 wasu masana a Boston suka tsara hanyar dawo da magana ta amfani da rauji da kari, bisa lura da cewa mutanen da suka kasa magana sau da yawa suna iya rera abin da suka haddace. Abin lura a wancan zama shi ne yadda aka yi da gazawar: an bar ta ta faru, a gaban wadda ta san aikinta, a ɗakin da babu 'yan kallo, kuma da ta fara yin yawa aka sauya hanya domin zaman ya ƙare da wata nasara komai ƙanƙantarta.

Giffords ta koma zauren majalisa ranar 1 ga Agustan 2011 ta kaɗa ƙuri'a, amma a Janairun 2012 ta ajiye muƙaminta domin ta mayar da hankali kan jinya. A Janairun 2013 ta yi gajeren jawabi gaban wani kwamitin majalisar dattawa, inda ta ce magana tana yi mata wuya amma akwai abin da dole ta faɗa. Ta zama jagorar fafutukar taƙaita mallakar bindiga, kuma a Yulin 2022 Shugaba Joe Biden ya ba ta lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula a Amurka. Duk da haka hannun bai dawo ba, magana ba ta koma yadda take a da ba, kuma jawaban da ake gani tana gabatarwa sai ta daɗe tana bitar su. Ke nan nau'o'in gazawar uku duk sun bayyana a rayuwarta, kuma kowane da yadda aka yi da shi.

Me ya sa kuskure yake da amfani ga jiki?

Sashen ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya sake tsirowa, amma sassan da suka tsira suna iya ƙulla sababbin mahaɗai su ɗauki wani ɓangare na aikin. Lamarin ya yi kama da garin da ruwa ya cinye gadarsa: mutane za su fara ratsawa ta gonaki, kuma turbar ba ta fitowa fili sai ƙafafu sun yawaita bin ta. Maimaici mai yawa, na ainihin aikin da ake son dawowa da shi, kuma mai ɗan wahala fiye da abin da mutum ya riga ya iya, shi ne ke ƙarfafa waɗannan mahaɗai. Aikin da ya kai wannan wahala kuwa dole a riƙa kasa shi wani lokaci. Sauyin yakan fi sauri a watannin farko zuwa shekara guda ko biyu, amma yana iya ci gaba a hankali na tsawon shekaru.

Masanin Amurka Edward Taub ya nuna ɗaya gefen lamarin. Idan mutum ya yi ta gwada hannun da ya shanye yana kasawa a kwanakin farko, sai ya koyi daina amfani da shi ya koma kan mai lafiyar, har ta kai ko da jijiyoyin sun fara farfaɗowa hannun yana nan a ajiye. Daga nan aka samo dabarar sa wa hannu mai lafiya safa ko ɗaure shi yawancin yini, a tilasta wa mai raunin yin aiki. Wani babban gwaji da aka buga a 2006 a kan mutum 222 masu shanyewar ɓarin jiki ya nuna cewa mako biyu na irin wannan horo ya inganta aikin hannu, kuma ingancin ya ɗore. Sai dai waɗanda aka ɗauka a gwajin duk suna da sauran motsi a yatsu da wuyan hannu, kuma ana ba su aikin ne daki-daki daga mai sauƙi. Darasin da ke ciki mai fuska biyu ne: gazawar da aka bar mutum da ita shi kaɗai ita ce ta koya masa ajiye hannun, gazawar da aka auna masa kuma ita ce ta dawo da shi.

Hujjar masu cewa a hana kuskure

A 1994 Alan Baddeley da Barbara Wilson na Birtaniya sun gwada masu matsananciyar mantuwa da jerin kalmomi. A wani zagaye ana ba su haruffan farko a ce su kintaci kalmar, sai sun yi kuskure sannan a faɗa musu ta daidai. A ɗaya zagayen kuma ana faɗa musu kalmar kai tsaye su rubuta. Sun fi riƙe abin da aka koya musu ta hanya ta biyu nesa ba kusa ba. Bayanin da masanan suka bayar shi ne cewa ɗan Adam yana da ma'ajiya iri biyu: wadda ke tuna abin da ya faru da kuma wadda ke riƙe sabo ba tare da an sani ba. Mai lafiya idan ya yi kuskure yakan tuna cewa jiya ya faɗi kaza aka ce masa ba haka ba ne. Mai mantuwa kuwa gyaran yana ɓace masa, amma kuskuren da bakinsa ya furta yana zama sabo, gobe ya sake fitowa da ƙarfi fiye da na jiya. Ga irin wannan majinyaci, barin sa ya yi ta kintatar sunan ma'aikaciyar jinya ko hanyar banɗaki koya masa kuskuren ne kawai.

Akwai hujja ta biyu da ta girmi wannan. Kurt Goldstein, likitan Jamus da ya kula da sojojin da suka samu raunin kai a Yaƙin Duniya na Ɗaya a birnin Frankfurt, ya lura cewa idan aka ɗora wa majinyaci aikin da ya fi ƙarfinsa yakan rikice gaba ɗaya, jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi kuka ko ya hasala, har abin da yake iyawa a da ma ya gagare shi na wani lokaci. Bayan haka sai ya fara gudun duk wani yanayi da zai sake jefa shi cikin hakan. Masu wannan ra'ayi suna ganin kiran a rungumi gazawa ya dace da ɗan kasuwa ko ɗan wasa mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa, amma ga wanda ke cikin watannin farko na jinya yana iya zama sanadin janyewarsa daga atisaye baki ɗaya.

Hujjar masu cewa a bar shi ya gani da idonsa

Raunin hanyar hana kuskure shi ne abin da aka koya ta cikinta yakan tsaya a inda aka koya shi. Mutum zai iya haɗa shayi a ɗakin horo bi da bi, amma idan ya koma gida ya tarar an sauya wa sukari wuri ko gas ya ƙare sai aikin ya wargaje, domin ba a taɓa koya masa yadda zai gane cewa wani abu ya karkace ba.

Ga kuma matsalar da ta fi damun iyalai: yawancin masu rauni a goshi ba su san sun canza ba. Ba gardama ce ko girman kai ba, na'urar lura da kai ce ta samu matsala. Mai shago zai dage cewa lafiyarsa ƙalau gobe zai buɗe, alhali ba ya iya haɗa kuɗin kaya uku. Gaya masa da baki ba ya shiga, sai dai ya haifar da faɗa. Abin da masana suka gano yana ɗan tasiri shi ne a sa shi ya faɗi da bakinsa yadda yake zaton zai yi aikin, a bar shi ya yi, sannan a zauna tare a kwatanta zaton da abin da ya faru. Tamara Ownsworth da abokan aikinta a Ostareliya sun buga sakamakon wani gwaji a 2017 a kan mutum 54 masu mummunan rauni, inda aka horar da su girki a gidajensu. Rukuni ɗaya an tare musu kuskure tun kafin ya faru, ɗaya rukunin kuma an bar su su yi, ana ja musu hankali da tambayoyi har su gano shi su gyara da kansu. Da aka gwada su da wani girkin da ba a koya musu ba, rukuni na biyu ya fi ƙarancin kuskure, kuma ya fi sanin iyakar ƙarfinsa. A yawancin sauran ma'aunan da aka duba ba a ga bambanci mai ƙarfi ba, kuma gwajin ƙarami ne, don haka bai isa a ce an rufe magana ba.

Idan aka ajiye binciken biyu gefe da gefe, saɓanin yana raguwa sosai. Abin da ba ya canzawa, kamar sunaye, lokutan shan magani, matakan tashi daga gado zuwa keken guragu, ya fi dacewa a koya shi ba tare da kuskure ba, musamman ga mai tsananin mantuwa. Abin da ke buƙatar dabara, kamar cefane, girki, lissafin canji, ya fi buƙatar mutum ya gamu da kuskurensa, muddin yana iya tuna gyaran. Mutum guda yana iya buƙatar hanya ta farko a wata na biyu, ta biyun kuma a wata na takwas. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne kuskuren da zai iya jawo sabon rauni, kamar tuƙi ko hawa sama ko aiki da injin, ba ya cikin waɗanda ake koyo da su.

Asarar da ba ta dawowa

Wayewar kai tana zuwa da farashinta. Sau da yawa lokacin da majinyaci ya fara gane girman abin da ya rasa ne baƙin ciki yake kama shi, wato daidai lokacin da dangi suke ganin an samu sauƙi. Wani bincike a birnin Seattle da aka buga a 2010 ya bi mutum 559 da aka kwantar saboda raunin kai, ya tarar kashi 53 cikin ɗari sun kamu da ciwon damuwa mai tsanani a cikin shekarar farko, kuma waɗanda suka samu magani ko shawarar ƙwararru a cikinsu ba su kai rabi ba. Wani ɓangare na wannan ciwo daga raunin kansa yake fitowa, saboda haka nasiha kaɗai ba ta isa ta kawar da shi.

A nan ne ma'anar runguma ta koma karɓa. Masu ba da shawara ta fuskar halayya suna ƙoƙarin raba mutum da awon kansa da wanda yake kafin haɗarin, su mayar da hankalinsa kan abin da ya fi daraja a wajensa da kuma sabuwar hanyar da zai kai gare shi. Masu bin ƙwallon Ingila sun ga fuskokin wannan. Petr Cech ya samu karaya a ƙoƙon kai a 2006, Raul Jimenez a 2020, kuma dukansu sun koma fili sanye da kariyar kai. Ryan Mason, wanda shi ma ya samu karaya a ƙoƙon kai bayan ya yi karo da ɗan wasa Gary Cahill a Janairun 2017, ya yi shekara guda yana ƙoƙarin komawa, sannan ya yi ritaya a Fabrairun 2018 yana da shekara 26 bisa shawarar likitoci, ya koma horarwa har ya riƙe Tottenham na wucin gadi a 2021. Babu hujjar cewa Mason ya gaza sauran biyun ƙarfin zuciya. Girman raunin da haɗarin sake buguwa su ne suka yanke hukunci.

Wannan ne ya sa wasu masana suke ɗari-ɗari da labaran nasara. Waɗanda ake gani a talabijin su ne suka tsira, suka kuma samu jinya mai tsada ta tsawon shekaru, kamar yadda Giffords ta samu ƙwararru da iyali tsayayye, abin da Amurkawa da yawa ma ba sa samu. Idan aka mayar da murmurewa ta zama sakamakon ƙwazo kawai, wanda bai tashi ba sai a ɗora masa laifin rashin ƙoƙari. Masu kare irin waɗannan labarai kuma suna cewa majinyacin da bai taɓa ganin wanda ya wuce ta inda yake ba da wuya ya jure atisayen da ba ya ganin amfaninsa a mako ɗaya ko biyu.

Yadda lamarin ya shafi gidajen ƙasar Hausa

Haɗarin babur na cikin manyan hanyoyin samun raunin kai a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sa hular kwano a farkon 2009 amma dokar ba ta zauna ba, kuma ko da yake Kano ta hana acaɓa a cikin birni a 2013, babur ne abin hawan ƙauyuka da garuruwa masu yawa. Ana yin tiyatar kai a asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato, ana kuma samun sashen gashi a manyan asibitoci, amma masu gyaran magana da masu horar da tunani ƙalilan ne, kuma yawancin kuɗin daga aljihun dangi yake fita. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a Mayun 2023 da ƙudurin da ke neman ƙasashe su sa gyaran jiki cikin tsarin lafiyarsu, sai dai a halin da ake ciki da zarar an sallami majinyaci, mata da uwa da ƙanne su ne ke zama masu horarwa, ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Al'adar dubiya misali ce ta yadda kyakkyawar niyya ke iya haifar da gazawa marar amfani. Ɗaki zai cika da 'yan uwa, kowa ya durƙusa gaban majinyaci ya ce, "Ka shaida ni? To wane ne ni?" Ga mai mantuwa ko mai matsalar magana, wannan jarrabawa ce a bainar jama'a sau goma a yini, kuma duk sunan da ya kintata ba daidai ba yana iya zame masa sabo. Idan mai dubiya ya ce, "Sannu Yaya, ni ce ƙanwarka wance," an ba shi amsar ba tare da an kunyata shi ba. Rage yawan masu shiga a lokaci guda ma yana da amfani, domin hayaniya da gajiya suna saurin rikita ƙwaƙwalwar da ke jinya.

A ɗaya gefen kuma akwai tausayin da ya wuce kima, inda ake ba mutum abinci a baki, a sa masa riga, a amsa tambayar da aka yi masa, kullum ana cewa ya kwanta ya huta, watanni bayan ya kai matakin da zai iya gwadawa. Wannan shi ne ainihin yanayin da Taub ya bayyana, hannu da harshe su koyi zama a ajiye. Wasu gidajen kuma sukan ɓoye majinyaci saboda kunyar yadda yake magana, wasu su ce tunda ciwon ya rufe sauran lalaci ne. Saurin fushi da faɗin abin da bai dace ba, waɗanda alamu ne sanannu na raunin goshi, akan danganta su da iskoki ko sammu. Wani abin da ke ƙara ɗaure wa dangi kai shi ne su ji mutum ya karanta Fatiha tiryan-tiryan amma ya kasa faɗin sunan ɗansa, sai su ɗauka da gangan yake yi. Abin da aka haddace aka maimaita dubban lokuta yana bin wata hanya dabam da ta maganar yau da kullum, kamar yadda waƙa ta yi wa Giffords, kuma ana iya amfani da shi a matsayin mashiga.

Imani da ƙaddara da haƙuri suna sauƙaƙa wa mutane da yawa karɓar asarar da ba ta dawowa, abin da masu ba da shawara a wasu ƙasashe suke shan wahala kafin su kai majinyaci gare shi. Matsala tana tasowa ne idan aka yi amfani da kalmar haƙuri wajen daina zuwa gashi tun ana cikin watannin da jiki ya fi karɓar horo, ko da yake sau da yawa kuɗin mota da na kati ne ainihin dalilin. Ga magidancin da ake jira ya ciyar da gida, matsin komawa aiki yakan zo da wuri, kuma komawa mataki-mataki ta fi aminci: zama a shago na awa ɗaya ko biyu tare da wani, ba da canji ana dubawa, sannan a ƙara. Komawa kan babur ko sitiyari kuwa hukuncin likita ne, domin farfaɗiya tana iya tasowa watanni bayan raunin, kuma bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ya fi na farko illa. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barcin da ba a saba gani ba, jijjiga, ko majinyaci ya fara cewa gara ya mutu, duk alamu ne da ke buƙatar a koma asibiti a ranar.